Jan Ɗigo A Goshi Da Zagaya Wuta: Addinin Hindu Da Muke Gani A Finafinan Indiya

Yau sharhin sabon fim zai ɗan dakata, domin za mu taɓo wani abu da kullum yake gaban idonmu amma ba mu cika tsayawa mu tambaya ba.

Tun shekarun 1950 da Kwarori suka fara shigo da finafinan Indiya sinimomin Arewa, har zuwa yau da muke kallon fassarar Algaita a waya, akwai abubuwan da ba sa canzawa. Uwa ta ɗauko faranti da 'yar fitila tana zagaya fuskar ɗanta. Ango da amarya suna kewaya wuta. Jarumi ya mutu tun kafin a kai rabin fim, can sai ga shi an sake haihuwarsa a wani gari. Mu dai mukan ce "al'adarsu ce" mu wuce. To amma yawancin waɗannan abubuwa daga addinin Hindu suka fito, kuma wanda ya san abin da ke ƙarƙashinsu zai ga cewa rabin labarin da ake ba shi a can yake ɓoye. Ku gyara zama.

Su wane ne 'yan Hindu?

A ƙidayar da Indiya ta yi a 2011, kusan kashi 80 cikin ɗari na mutanen ƙasar 'yan Hindu ne, Musulmi kuma kashi 14. A duniya baki ɗaya sun haura biliyan ɗaya, su ne na uku bayan Kiristoci da Musulmi. Su ne mafi rinjaye a Nepal da tsibirin Bali na Indonesiya.

Sunan kansa daga kogi ya samo asali. Kogin da ake kira Sindhu, wanda yawancinsa yake Pakistan a yau, shi Farisawa suke furtawa da "Hindu", Larabawa suka ce Al-Hind. Da yawa daga mabiyan sun fi son a kira addininsu Sanatana Dharma, wato tafarki dawwamamme.

Abu na farko da zai ba mutum mamaki shi ne, addinin ba shi da wani mutum guda da za a ce shi ya kafa shi, ba shi da shugaba guda, littafinsa ma ba ɗaya ba ne. Mafi tsufa su ne Veda guda huɗu, da harshen Sanskrit. Na farkonsu, Rigveda, yana da waƙoƙin bauta 1,028, kuma ya haura shekara 3,000. Ƙarnuka da dama da ka ake haddace su, malami ya biya wa ɗalibi, kafin a zo a rubuta. Bayansu akwai Upanishad masu zurfin falsafa, sai manyan labarai biyu, Ramayana da Mahabharata, waɗanda za mu dawo kansu don su ne uwa da uban labarin fim ɗin Indiya.

A nan a kula: mai rawani da gemu da muke gani ana kira Singh ko Sardar, galibi ɗan Sikh ne, addininsu daban. Haka ma 'yan Jain da 'yan Buddha.

Abin bauta ɗaya ne ko da yawa?

Wannan tambaya ko su kansu amsarsu ba ɗaya ba ce. Masu bin falsafar Upanishad suna cewa akwai wata haƙiƙa guda ɗaya tak da babu siffa gare ta, suna kiranta Brahman, kuma duk allolin da ake gani fuskokinta ne. Wasu sun ɗauki Vishnu shi ne babba, saura na ƙarƙashinsa. Wasu Shiva. Wasu kuma uwa mace, Devi. Mutumin ƙauye kuwa sau da yawa abin bautar gidansu da ya gada shi ya sani, shi ke nan.

Ga waɗanda muka fi cin karo da su a fim:

Vishnu, a imaninsu shi ke kiyaye duniya, kuma idan ɓarna ta yi yawa yakan sauko cikin wata siffa. Wannan saukowar ita ce "avatar". Mafi shahara a cikinsu Rama mai kwari da baka, da Krishna mai shuɗiyar fata da sarewa da gashin ɗawisu a ka.

Shiva shi ne mai maciji a wuya da mashi mai baki uku. Baƙin dutsen nan mai tsayi da Prabhas ya ciccibo a kafaɗa ya kai ƙarƙashin ruwa a Baahubali (2015), alamar Shiva ce, suna kiranta lingam. Ya yi haka ne don ya hutar da uwarsa ɗibar ruwan da take yi wa dutsen wanka da shi.

Ganesha mai kan giwa ɗan Shiva ne, shi suke roƙo ya kawar da cikas kafin a fara komai. Shi ya sa har gobe a Bollywood ranar fara ɗaukar fim sai an yi addu'arsu an fasa kwakwa.

Hanuman mai siffar biri bawan Rama ne, alamar ƙarfi da riƙon amana. Idan ka san haka, za ka gane dalilin da ya sa Salman Khan a Bajrangi Bhaijaan (2015) ya ƙi yin ƙarya ko a bakin iyakar Pakistan, kuma yake rusuna wa duk birin da ya gani. Bajrangi ɗin ma daga laƙabin Hanuman ne.

A ɓangaren mata akwai Lakshmi ta arziki, Saraswati ta ilimi da kiɗa, sai Durga da Kali masu yaƙar azzalumai. Duk fim ɗin da ka ga an zalunci mace har ta kai bango, ta saki gashi, ana buga ganga ana nuna gunkin Kali, to darakta yana gaya wa 'yan kallo cewa haƙuri ya ƙare.

Gunkin da ke ɗakin bauta suna kiransa murti. Sun yarda cewa bayan an yi masa wasu addu'o'i abin bautar yana sauka a cikinsa, don haka suke masa wanka, su sa masa kaya, su kai masa abinci. Ibadar ita ce puja. Zagaya fitila ita ce aarti. Abincin da aka miƙa aka dawo da shi ana raba wa mutane shi ne prasad.

Dalilin da ya sa jarumi yake mutuwa ya dawo

Nan ne zuciyar addinin. Sun yi imani cewa rai, wanda suke kira atman, ba ya mutuwa. Idan jiki ya ƙare sai ya koma wani jikin, na mutum ko na dabba, haka zai yi ta zagayawa. Wannan zagayen shi ne samsara.

Me ke yanke irin jikin da mutum zai samu? Karma. Yanzu matasanmu sun ɗauki kalmar a Facebook da TikTok da ma'anar "alhaki kuikuyo ne". Akwai kama, amma a wajen 'yan Hindu abin ya wuce haka. Asalin ma'anar kalmar "aiki". Kowane aiki yana da sakamako, kuma idan bai riske ka a wannan rayuwar ba zai jira ka a ta gaba. Ba sa jiran wata rana guda ta hisabi irin wadda Musulmi da Kirista suka yi imani da ita. Ko aljanna da wuta da ke cikin littattafansu masauki ne na ɗan lokaci, in ladan ko laifin ya ƙare a sake dawowa.

Babban burinsu kuwa shi ne a daina dawowar gaba ɗaya. Wannan kuɓuta ita ce moksha. Hanyoyinta da aka fi ambata uku ne: ta ilimi, ta aiki ba tare da kwaɗayin sakamako ba, sai ta tsananin ƙaunar abin bauta, wato bhakti, wadda ita ce mafi yawan jama'a suke bi.

Yanzu ku tuna Karan Arjun (1995). Amrish Puri ya sa an kashe 'ya'yan Rakhee guda biyu, ta tafi gaban Kali tana kuka, aka sake haihuwar Shah Rukh Khan da Salman Khan a gidaje daban-daban, suka girma suka dawo ɗaukar fansa. Mu muna kallonsa a matsayin almara mai daɗi. Ɗan Hindu kuwa yana ganin bashin karma ne da ba a gama biya ba. Kan wannan turbar aka gina Madhumati (1958) na Dilip Kumar, Karz (1980) na Rishi Kapoor, Om Shanti Om (2007), da Magadheera (2009). A Eega (2012) ma Rajamouli ƙuda ya mayar da jarumin, kuma 'yan kallo ba su ga abin ya fita daga tsari ba.

Dharma: abin da ya sa uwa ta harbe ɗanta

Idan kalma ɗaya za ka riƙe a wannan rubutu, riƙe wannan. Dharma na nufin haƙƙin da ya rataya a wuyanka gwargwadon matsayinka: na ɗa daban, na sarki daban, na mata daban, na soja daban. Suna lissafa manufofin rayuwa huɗu, wato dharma, neman dukiya, jin daɗi, da moksha, amma dukiya da jin daɗi dole su bi bayan dharma.

Ramayana labarin Rama ne, yariman Ayodhya. Kishiyar uwarsa Kaikeyi ta tilasta wa sarki ya kore shi daji shekara 14 don ɗanta Bharata ya hau gado. Rama bai yi musu ba, don kada alƙawarin mahaifinsa ya tashi. Matarsa Sita da ƙaninsa Lakshmana suka bi shi. Bharata kuwa ya ƙi hawa kujerar, ya ɗora takalman yayansa a kai yana jiran dawowarsa. A dajin ne Ravana sarkin Lanka ya sace Sita, har aka yi yaƙi da taimakon Hanuman.

Wannan bai yi muku kama da wani fim ba? Hum Saath-Saath Hain (1999) kenan: uwa ta sa an ture ɗan kishiya, Mohnish Bahl ya tafi ba gardama, Salman ya ƙi zama a kujerar yayansa. Ramayana ce aka sa wa kwat.

Mahabharata kuma, mai baiti wajen 100,000, yaƙin 'yan uwa ne kan sarauta. A cikinta Bhagavad Gita take, mai babi 18 da baiti 700. Arjuna ya tsaya a filin daga ya hango kakansa da malaminsa da 'ya'yan baffansa a ɗaya ɓangaren, jikinsa ya mutu, ya ajiye baka. Krishna, wanda ke jan masa keken doki, ya nuna masa cewa haƙƙin jarumi ya yi yaƙin gaskiya ko da a kan nasa ne.

Shi ya sa a Mother India (1957) Nargis ta ɗaga bindiga ta harbe ɗanta Birju lokacin da ya sace 'yar mai ba da bashi da ruwa, duk da irin zaluncin da uban yarinyar ya yi musu. Mutuncin 'yar gari ya fi ƙarfin son ɗa. Haka a Deewaar (1975), Shashi Kapoor ɗan sanda ya harbi yayansa Amitabh Bachchan, kuma a wurin bauta Amitabh ya cika a hannun uwarsu. Wallahi in ka lura, rikicin soyayya da biyayyar iyaye da ya cika finafinansu, wanda Kannywood ma ta ɗebo da yawa, duk daga nan yake tasowa.

Ba a banza ba ne fim ɗin Indiya mai tsawo na farko, Raja Harishchandra na Dadasaheb Phalke a 1913, labarin wani sarki ne na littattafansu da ya rasa mulki da iyali don cika alƙawari. Da gidan talabijin na Doordarshan ya fara nuna Ramayan a 1987, tituna kan yi tsit ranar Lahadi da safe, wasu har furanni suke rataya wa akwatin talabijin.

Aure, kwalliya da mutuwa

Wutar da ake zagayawa ita ce Agni, ita ce shaidar auren. Uba ya miƙa 'yarsa, ango da amarya su yi taku bakwai, kowane taku da alƙawarinsa. Dokar auren Hindu ta 1955 ta ce inda al'adar ta ƙunshi wannan, da taku na bakwai aure yake ƙulluwa. Kun ga dalilin da ya sa jarumi yake shigowa a guje daidai kafin a kammala, ba don darakta ya ja mana rai kawai ba.

Jan garin da ango ke shafa wa amarya a tsagar gashi shi ne sindoor, sarƙa mai baƙaƙen duwatsu kuma mangalsutra. Su ne alamar mace tana da miji a raye. Ɗigon goshi, bindi, yanzu ya zama kwalliya har ga 'yan mata. Idan miji ya mutu sai a goge sindoor, a farfasa awarwaro, ta koma fararen kaya, kamar Jaya a Sholay (1975). A da, musamman a manyan gidaje, ba ta sake aure har abada. A wasu wurare ma akan ƙona ta da gawar mijin, al'adar sati, wadda aka haramta a 1829 bayan gwagwarmayar Raja Ram Mohan Roy, shi ma ɗan Hindu. A 1856 doka ta halatta musu sake aure, amma Prem Rog (1982) ya nuna yadda jama'a suka daɗe ba su karɓa ba.

Wani abin da ya saɓa da namu: a wajensu gidan amarya ke biyan gidan ango dukiya. An haramta tun 1961, amma har yau ana yi, kuma ana rasa rayukan mata a kansa. Auren zumunci kuwa a Arewacin Indiya abin ƙyama ne, amma a Kudu ana auren 'yar kawu ko 'yar gwaggo. Shi ya sa a finafinan Telugu da Tamil kake ganin soyayyar 'yan uwa, a na Hindi ba ka gani.

Taɓa ƙafar babba neman albarka ne. Gawa kuma ƙona ta suke yi, babban ɗa namiji ke kunna wutar, a zuba tokar a ruwa, an fi son kogin Ganga. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake matsa wa mace ta haifi namiji. Sun yi imani wanda ya mutu a birnin Varanasi ya samu moksha.

Saniya suna girmama ta kamar uwa saboda nononta, ga kuma alaƙarta da Krishna makiyayi. Jihohi da yawa sun hana yanka ta, kuma an sha kashe Musulmi da 'yan ƙananan aji bisa zargin nama. Amma ba duka 'yan Hindu ne ba sa cin nama ba. Da yawa suna cin kaza da kifi da akuya.

Bukukuwa

Diwali, wajen Oktoba ko Nuwamba, bikin fitilu ne. A Arewacin ƙasar murnar dawowar Rama gida ce, kuma ranar roƙon Lakshmi. A ranar ne Shah Rukh ya sauka daga jirgi mai saukar ungulu a Kabhi Khushi Kabhie Gham (2001), ɗa ya dawo gida ranar dawowar Rama. Holi bikin watsa kala ne na shigowar bazararsu, lokacin da Gabbar ya auka wa ƙauye a Sholay. Karva Chauth azumin matan aure ne daga asuba har fitowar wata don tsawon ran miji, shi ne inda ake kallon wata ta cikin rariya. Raksha Bandhan kuwa 'yar uwa ke ɗaura wa ɗan uwanta zare a hannu, shi kuma ya ɗauki nauyin kare ta. Duk saurayin da budurwa ta ɗaura wa wannan zare, to labarinsa ya ƙare, ya zama yaya.

Tabon da ba a cika nunawa ba

Tsofaffin littattafansu sun kasa mutane gida huɗu: Brahmin malaman addini, Kshatriya sarakuna da mayaƙa, Vaishya 'yan kasuwa, Shudra masu hidima. A ƙasa da su akwai waɗanda aka ɗauka ko taɓa su ƙazanta ne, su ake bar wa kwasar kashi da jima da ƙona gawa. Yau suna kiran kansu Dalit. Da haihuwa ake shiga aji, ba a fita, kuma an daɗe ana amfani da karma a ce laifin rayuwar baya ne ya jawo musu.

Kundin tsarin mulkin 1950, wanda B.R. Ambedkar, shi kansa Dalit, ya jagoranci rubutawa, ya haramta wannan ƙyama. Ambedkar ya bar addinin ya koma Buddha a 1956 tare da ɗimbin mabiyansa. Akwai 'yan Hindu da dama da suka yaƙi tsarin daga ciki, amma har gobe yana nan, musamman a aure da ƙauyuka. Idan uban jaruma ya tambayi sunan gidan saurayi, sau da yawa ajinsa yake bincike. Ku tuna Kachra a Lagaan (2001) da 'yan ƙauye suka ƙi wasa da shi, ko ku nemi Article 15 (2019) ku ga abin ba kwaskwarima.

Sai batun waƙa

Ga masoya waƙa, wannan ya shafe ku. Waƙar bautarsu sunanta bhajan, kuma tana shiga fim sosai. Wani lokaci waƙar da kake ji kamar ta soyayya, zancen Radha da Krishna ne, wanda a wajensu misali ne na ƙaunar bawa ga abin bautarsa. Don haka kafin ka ɗora wata a kan bidiyonka ko ka sa ta kiran waya, yana da kyau ka nemi fassararta, ka san abin da bakinka ke maimaitawa.

Masana'antar kanta a cakuɗe take. Dilip Kumar sunansa na yanka Muhammad Yusuf Khan. Shah Rukh da Aamir Musulmi ne da suka sha fitowa a matsayin Rahul ko Bhuvan. Ɗaya daga cikin fitattun bhajan na fim, a Baiju Bawra (1952), Shakeel Badayuni ya rubuta, Naushad ya yi kiɗa, Mohammed Rafi ya rera, dukkansu Musulmi. Su ma 'yan Hindu sukan soki malamansu masu ci da addini, kamar yadda aka gani a OMG (2012) da PK (2014).

Sanin addinin wani daban, binsa daban. Amma tunda mun kwashe shekaru muna kuka da dariya tare da mutanen nan, ya dace mu san me suke nufi idan sun kunna fitila ko sun goge jan gari. Wanne fim ne kuka kalla wani abu ya ɗaure muku kai ba mu taɓo shi ba? Ku ajiye mana a wajen sharhi, in Allah ya yarda za mu duba shi a rubutu na gaba. Mu kwana nan.